Fashin Baƙi: Me Ya Sa Harsasai Iri Ɗaya Ba Sa Faɗawa Wuri Ɗaya?

Me ya sa gwanin harbi zai kafa bindiga a kan abin da zai riƙe ta daram, ya saita wuri guda, ya harba harsasai biyar da suka fito daga kwali ɗaya, amma idan ya je dubawa sai ya tarar da huji biyar a warwatse? Wannan tambaya takan taso a majalisun hira a nan Bauchi idan an taɓo batun ƙera makamai a cikin gida, musamman tun bayan da aka sanya hannu kan sabuwar dokar hukumar ƙera makamai ta ƙasa, wato DICON, a shekarar 2023. Takan taso kuma a bakin mafarauta da tsofaffin sojoji. Amsoshin da aka saba ji guda uku ne: ko hannun maharbin ne ya yi rawa, ko bindigar ce ta tsufa, ko kuma abin da aka harba yana da asiri a jikinsa.

A 'yan shekarun nan wata amsa ta huɗu ta shigo ta hanyar bidiyoyin YouTube da Facebook, inda ake ganin wani Bature yana mirgina harsashi a ƙarƙashin wani ɗan agogon awo, yana kallon allurarsa, yana ware wasu harsasan gefe guda. Abin da yake aunawa shi ne karkatar harsashi. Wasu da suka ga irin wannan bidiyo sun ɗauka an gano sirrin harbi ke nan gaba ɗaya, wasu kuma sun ce ɓata lokaci ne na waɗanda suka ƙoshi. Dukkan ɓangarorin biyu sun riƙe wani yanki na gaskiya, kuma dukkansu sun wuce gona da iri.

Mene ne ake nufi da karkatar harsashi?

Abin da muke kira harsashi a dunƙule sassa huɗu ne. Akwai kwanso, wanda galibi na tagulla ne, ko da yake yawancin na AK-47 na baƙin ƙarfe ne. Akwai albarushi a cikinsa. Akwai ɗan maɓallin da ke gindinsa, wanda allurar bindiga ke doka ya tayar da wuta. Sannan akwai ƙwayar harsashin, wadda ita kaɗai ce ke fita ta tafi, kuma yawanci dalma ce da aka yi wa riga ta jan ƙarfe. Kwanson bindigar nesa, wato doguwar bindiga irin ta soja, yana da jiki, da kafaɗa inda yake tsukewa, da wuya inda ƙwayar ke zaune a matse.

Idan aka ja layi a zuci ta tsakiyar kwanson tun daga gindi har wuya, aka kuma ja wani ta tsakiyar ƙwayar tun daga gindinta har tsininta, abin da ake so shi ne layukan biyu su zama layi ɗaya. Wannan shi ne daidaiton tsakiya. Idan layukan suka saɓa, to an sami karkata, kuma tana zuwa ta fuska biyu: ko dai ƙwayar ta zauna a jirkice, tsininta yana kallon gefe, ko kuma ta zauna a miƙe amma ta gusa daga tsakiya. A aikace sau da yawa duka biyun ne suke haɗuwa a harsashi ɗaya.

Ido ba ya ganin wannan karkata, domin ana auna ta ne da kashi ɗaya cikin dubu na inci, wato milimita 0.025. Kaurin takardar rubutu ta yau da kullum ya kai kusan milimita 0.1, wanda ke nufin ya ninka wannan ma'auni sau huɗu. Masu gasar harbi da yawa suna neman kada karkatar ta wuce kashi biyu ko uku cikin dubu na inci, wato ƙasa da kaurin takarda guda.

Ya kamata a faɗi tun a nan cewa masu wannan awo mutane ne da ke zaune a ƙasashen da doka ta yarda mai lasisi ya sake cika kwanson da ya harba domin amfanin kansa, irin su Amurka da Afirka ta Kudu. A Najeriya ba haka abin yake ba, kuma za mu zo kan wannan a gaba.

Yadda ɗan kuskure ke girma a cikin bututu

Bututun bindigar nesa ba sumul yake a ciki ba. An yi masa tsaga-tsaga a murɗe tun daga tushe har baki, kuma su ne ke kama jikin ƙwayar su tilasta mata juyawa yayin da take wucewa. Wannan juyawa ce ke sa doguwar ƙwaya ta ci gaba da tafiya da tsininta a gaba maimakon ta riƙa tuntsurawa a iska.

Saurin juyawar ya fi abin da yawancin mutane ke zato. Ƙwayar AK-47 tana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 715 a daƙiƙa, kuma tsagar bututun tana kammala zagaye ɗaya a kowace milimita 240. Idan aka yi lissafi, ƙwayar tana juyawa kusan sau 3,000 a daƙiƙa ɗaya, wato wajen sau 180,000 a minti. Duk direban da ya taɓa ɗaukar hanyar Bauchi zuwa Gombe da tayar da ba a daidaita nauyinta ba ya san yadda sitiyari ke karkarwa da zarar mota ta ɗauki gudu, alhali tayar ba ta kai juyawa dubu ɗaya da ɗari biyar a minti ba. Matsalar ƙwayar harsashi irin wannan ce, sai dai a saurin da ya ninka haka fiye da sau ɗari.

Muddin ƙwayar tana cikin bututu, bangonsa yana riƙe da ita, yana tilasta mata juyawa a kan tsakiyar bututun, ko da kuwa cibiyar nauyinta ba a nan take ba. Idan cibiyar nauyin ta ɗan gusa gefe, to tana zagaya tsakiyar bututun ne duk tsawon tafiyar. Da zarar ƙwayar ta fita, babu sauran abin da ke riƙe ta, sai cibiyar nauyin ta ci gaba da tafiya ta ɓangaren da take fuskanta a daidai lokacin fitar. Lissafin wannan ba mai wahala ba ne. A bututun da tsagarsa ke zagaye ɗaya a inci goma, idan cibiyar nauyin ƙwaya ta gusa da kashi ɗaya cikin dubu na inci, za ta kauce da kusan santimita shida a nisan mita 100. Da yake ba wanda ya san ɓangaren da kowace ƙwaya za ta fuskanta lokacin fitarta, ɗaya za ta yi sama, ɗaya ta yi hagu, ɗaya ta yi ƙasa, sai hujin su warwatse.

Akwai kuma illa ta biyu. Ƙwayar da ta shiga tsagar bututu a jirkice takan fito a jirkice, tana ɗan lilo a farkon tafiyarta kafin ta daidaita, kuma a wannan ɗan lokaci iska tana tura ta gefe. Bayan lilon ya lafa ƙwayar za ta miƙe, amma a kan sabuwar hanyar da aka riga aka ture ta.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Wani likita ɗan Amurka mai suna Franklin Mann ya shafe shekaru yana gwaji da ƙwayoyin da ya ɓata daidaiton nauyinsu da gangan, ya kuma wallafa sakamakon a shekarar 1909, inda ya nuna cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna kaucewa ta ɓangaren da za a iya hasashensa tun kafin a harba. A shekarar 1998 Harold Vaughn, injiniyan da ya yi aiki a cibiyar bincike ta Sandia a Amurka, ya wallafa littafin da a cikinsa ya sake bin diddigin lamarin da na'urorin zamani.

Daga ina karkatar ke fitowa?

Tushen farko shi ne kwanson kansa. Ana yin sa ne ta hanyar matse ɗan faifan tagulla a miƙar da shi mataki-mataki har ya zama bututu, kuma idan injin bai daidaita sosai ba sai bango ɗaya ya fi ɗaya kauri. Wuyan da ɓangare ɗaya ya fi kauri ba zai riƙe ƙwaya a tsakiya ba, ko da an saka ta da matuƙar kulawa. Irin wannan kwanso idan aka harba shi, ɓangaren da ya fi siranta ya fi buɗewa, sai ya ɗan lanƙwashe, kuma wannan lanƙwasa takan bi shi duk lokacin da aka sake amfani da shi.

Tushe na biyu shi ne kayan aikin da ake mayar da kwanso girmansa na asali da su, da waɗanda ake zaunar da ƙwaya da su. Idan ba su daidaita da juna ba, ko suka ja wuyan da ƙarfi ta gefe guda, to su da kansu ne ke haifar da karkatar. Na uku shi ne bindigar, domin idan mazaunin harsashi da ke tushen bututu ba a yanka shi daidai da tsakiyar bututun ba, harsashin da ya fi kowanne miƙewa ma zai shiga a karkace. Sannan akwai abin da ke faruwa bayan an gama komai: faɗuwa ƙasa, gwaruwa a cikin akwati, da dukan da tsinin ƙwaya ke sha lokacin da bindiga mai sarrafa kanta ta fizgo harsashi daga gidansa ta cusa shi cikin mazauni.

Abin da agogon ke nunawa da abin da ba ya gani

Na'urar awon ba ta da wani abin mamaki. Ana kwantar da harsashi a kan wasu 'yan ƙarafa da ke ba shi damar mirginawa, a ɗora bakin agogon awo a jikin ƙwayar, sannan a juya shi a hankali. Idan komai daidai ne allurar ba za ta motsa ba. Idan akwai karkata za ta yi gaba ta dawo, kuma tazarar da ke tsakanin iyakar hawanta da iyakar saukarta ita ce adadin da ake rubutawa. Kamfanoni irin su RCBS da Sinclair da Hornady suna sayar da irin waɗannan na'urori.

A nan ne ruɗani ke yawa. Adadin da allurar ta nuna ninki biyu ne na ainihin gusawar da ƙwayar ta yi daga tsakiya, domin agogon yana ganin gusawar sau ɗaya ta sama, sau ɗaya ta ƙasa. Haka kuma adadin yana canzawa gwargwadon inda aka ɗora bakin agogon: ƙwayar da ke jirkice za ta nuna ƙaramin adadi kusa da wuya, ta nuna babba kusa da tsini. Wasu na'urorin suna riƙe harsashin ta jikin kwanso, wasu ta gindi da tsini, kuma ba za su ba da adadi ɗaya ba. Saboda haka idan mutum biyu suna gardama, ɗaya yana cewa nasa biyu ne ɗaya yana cewa nasa huɗu ne, mai yiwuwa ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Babban abin lura shi ne agogon waje kawai yake gani. Idan rigar jan ƙarfen ta fi kauri a gefe ɗaya, ko akwai ɗan kogon iska a cikin dalmar, cibiyar nauyin ta riga ta gusa, alhali allurar za ta tsaya cak kamar babu wata matsala. Wannan lahani na ciki shi ne ya fi shiga lissafin santimita shida da aka kawo a sama, kuma ba wanda ke iya gyara shi sai masana'antar da ta yi ƙwayar. Shi ya sa ƙwayoyin gasa suke da tsada.

Inda masana suka saɓa

Ɓangare na farko su ne masu gasar da ake cin nasara da ɗan abin da bai kai farce ba. A gasar harbin kan teburi ana auna tazarar hujin harsasai biyar da kashi ɗaya cikin dubu na inci. A gasar nesa da ake kira F-Class, wadda ta samo asali daga Kanada, da'irar tsakiya a nisan yadi 1,000 faɗinta inci biyar ne kacal. Hujjarsu ita ce a irin wannan fage babu kuskuren da ya yi ƙanƙanta, kuma tunda karkata abu ne da ake iya aunawa a rage shi, barin sa sakaci ne. Wasu daga cikinsu har alama suke yi a ɓangaren da harsashin ya karkata, su riƙa saka kowanne yana fuskantar wuri ɗaya, domin idan kaucewar za ta faru ta faru ta ɓangare guda.

Ɓangare na biyu suna cewa an zuzuta lamarin. Hujjarsu mai ƙarfi ce: kafin ƙwaya ta kama tsagar bututu sai ta bi ta wani ɗan sarari da ake kira maƙogwaro, kuma idan maƙogwaron a matse yake, yana miƙar da ita, ya shanye mafi yawan karkatar. Masu harbi da dama sun ware harsasai masu ƙaramar karkata da masu matsakaiciya, sun harba su daban-daban, ba su ga bambancin da za a dogara da shi ba. Suna ƙarawa da cewa tanƙwara harsashin da ya karkata domin a miƙar da shi, kamar yadda wasu na'urori ke ba da dama, yana iya sassauta riƙon da wuya ke yi wa ƙwaya, a gyara abu ɗaya a ɓata wani.

A ganina ɓangare na biyu sun fi kusa da gaskiya ga mafi yawan bindigogi, ba don ilimin juyawar ƙarya ne ba, sai don karkata ɗaya ce daga cikin kurakurai masu yawa, kuma ba kasafai take zama babbarsu ba. Iska mai kaɗawa daga gefe tana iya ture ƙwaya fiye da mita guda a nisan yadi 1,000. Bambancin gudu tsakanin harsashi da harsashi yana sa wani ya faɗi sama wani ƙasa. Bututu yana zafi, maharbi yana numfashi, kunamar bindiga tana da nauyinta. Idan kurakurai irin waɗannan suka haɗu, babban cikinsu ne ke danne sauran, don haka rage ƙarami ba ya nuna wani tasiri sai an riga an shawo kan manyan. Ga bindigar gasa da aka kawar wa sauran matsaloli, karkata tana iya zama abin da ya rage. Ga bindigar soja da aka yi wa mazauni mai faɗi da gangan domin kada ƙura da tsatsa su hana ta aiki, kashi biyu ko huɗu cikin dubu na inci ba zai fito fili ba.

Akwai kuma matsalar yadda ake gwajin. Harbi uku ko biyar ba su isa hujja ba, domin harsasai iri ɗaya daga bindiga ɗaya suna iya ba da matsattsen rukuni yanzu, su ba da warwatsattse bayan minti goma, ba tare da an canza komai ba. Yawancin labaran da ke yawo na cewa wane ya rage karkata harbinsa ya gyaru, a kan irin wannan ƙaramin gwaji aka gina su.

Bindigar toka da matsayin doka a Najeriya

Mafarautanmu na ƙasar Alkaleri da Ningi da Toro sun fi sanin bindigar toka, kuma duk wannan bayani yana taimakawa wajen fahimtar halinta. Bututunta ba shi da tsaga, abin da ake ɗura mata bai cika bututun daidai ba, kuma ba kowane ɗuri ne yake zuwa daidai da na baya ba. Abin da aka harba yana gwaruwa da bango a hanyarsa ta fita, ya fita yana juyawa ta ɓangaren da ba wanda ya zaɓa. Shi ya sa maharbin gargajiya ya dogara da sanɗa da sanin daji, yana matsawa kusa kafin ya harba. Idan ya kuskure daga nesa, dalilin yana cikin ƙirar bindigar, ba sai an nemo shi a jikin dabbar ba.

Game da doka kuwa, Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta hana ƙera ko harhaɗa bindiga ko harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar da aka kafa domin sojoji da izinin shugaban ƙasa, ban da ɗan sassaucin da ta yi wa bindigogin toka ƙarƙashin izinin 'yan sanda. Wanda ya ga bidiyo ya ce zai gwada cika kwanso a gida ya aikata laifin da ke kai mutum gidan yari. Bayan haka akwai haɗarin rai. Hukumar CIP, wadda ke tsara ƙa'idojin gwajin makamai a ƙasashen Turai da dama, ta sa iyakar matsin harsashin AK-47 a kan bar 3,550 (bar ɗaya kusan matsin iskar da ke kewaye da mu ne), na harsashin da ake kira .308 Winchester kuma bar 4,150, kuma duk wannan matsi yana tashi ne a ɗan taƙi kaɗan daga fuskar mai harbi. Kuskuren karkata yana sa a rasa abin da aka saita, amma kuskuren albarushi yana fasa bindiga, ya tafi da ido ko yatsu.

Ina ruwan talaka da wannan?

Ruwansa yana wajen harsashin da jami'an tsaro ke ɗauke da shi a cikin gari da kan hanya. An kafa DICON a Kaduna a shekarar 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, kuma burin da ake ta maimaitawa yanzu shi ne ƙasar ta rage sayo makamai daga waje. Idan ana wannan magana an fi tambayar adadin da za a iya samarwa a shekara, ba a cika tambayar ingancinsa ba. Alhali ƙwayar da ta kauce ba ta tsayawa a inda aka so ta tsaya, kuma irin wadda AK-47 ke harbawa tana iya yin tafiyar fiye da kilomita biyu idan ba ta gamu da komai ba.

Ba wanda ke tsammanin masana'antar da ke yin harsasai miliyoyi ta riƙa mirgina kowanne a ƙarƙashin agogo kamar ɗan gasa. Yadda manyan masana'antu ke yi shi ne su ɗebi samfuri daga kowane rukunin da aka ƙera, su auna girmansa da matsinsa da gudunsa, su harba shi daga bututun gwaji da aka kafe, sannan idan warwatsuwar ta wuce iyakar da aka yanke a ƙi karɓar rukunin baki ɗaya. A wannan gwaji ne kaurin bangon kwanso da daidaiton rigar ƙwaya da zaman ƙwaya a wuya suke bayyana, ko da ba a auna kowannensu daban ba. Saboda haka tambayoyin da ya dace 'yan majalisa da 'yan jarida su riƙa yi su ne: wane ma'auni ake bi wajen karɓar rukunin harsashi, na gida ne ko na waje, wa ke da ikon ƙin karɓarsa, kuma a wane irin ɗaki ake adana shi bayan an raba, musamman a wurare irin namu inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, tunda zafi yana ƙara matsin albarushi, kuma daɗewa a cikinsa yana saurin lalata shi.